Richad na Uku: Abin da Alƙalami Ya Faɗa, Abin da Ƙashi Ya Nuna

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "ya" ne. Bismillah.

Ku matso mu buɗe wasan Richad na Uku,
Wanda ya fito daga alƙalamin Shakisfiya.
An buga shi a Landan tun 1597,
Har gobe ana nuna shi a dandalin duniya.
Ya zana mana sarkin Ingila mai doro, shanyayyen hannu,
Baki da zuma, ciki fal da ƙiyayya.
Ya sa an kashe wansa Clarence a kurkuku,
'Ya'yan babban wansa ya rufe su a Landan cikin hasumiya.
A filin Bosworth dokinsa ya faɗi, yana ihu
A ba shi wani, ya ba da mulkin gaba ɗaya.
Na rufe littafin jikina yana ɓari,
Ban ga mugun da ya kama ƙafarsa ba ko ɗaya.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara basira Malam, amma ina da ja,
Ina mawaƙin ya jiyo wannan tatsuniya?
Tarihin Holinshed ya buɗe, bugun 1587,
Shi ma zancen Thomas More ya biyo a baya.
More kuwa a gidan Morton, babban limamin coci, ya yi yarinta,
Morton da Richad ba su taɓa shan inuwa ɗaya.
Sannan wa ke kan gado lokacin da ake wasan?
Elizabeth, jikar Henry Tudor, ita ce sarauniya.
Henry ɗin nan ne ya kayar da shi a 1485,
Ya ɗauki kambun, ya gaje ƙasar baki ɗaya.
Wane maroƙi zai wasa wanda aka kayar
A ƙofar mai nasara, ko da ya san gaskiya?

Ɗan Lesta:
Yaya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi,
A Lesta nake zaune, garin da aka binne shi, ga abin da na ganiya.
A 2012 aka fasa filin ajiye motoci,
Sai ga ƙasusuwan Richad kwance, ba akwati, ba alkyabbar zinariya.
Gwajin ƙwayar halitta da zuriyar yayarsa Anne ya tabbatar,
Ƙashin bayansa a karkace, wannan ba ƙarya.
Amma hannuwa biyu lafiya lau suke,
Shanyayyen hannun nan ƙari ne na masu hikaya.
Rauni goma sha ɗaya, tara duk a kai,
Ɗan shekara 32, ya mutu yana fafatawa, bai ja da baya.
A Maris 2015 aka sake binne shi a babban coci,
Na tsaya gaban farin dutsen, an tsaga masa gicciye a tsakiya.
Mutanen gari har yau suna haɗa zancen
Da shekarar da ta biyo, da Lesta ta ɗau Firimiya.

Malam Mai Alli:
Na karɓi gyara 'ya'yana, na sauke batun hannu,
Amma yaran nan biyu sun tsaya mini a zuciya.
Edward ɗan sha biyu, ƙanensa ɗan tara,
Amana ce a hannun baffansu, marayu ba mai kariya.
Tun 1483 ba a sake ganinsu ba,
Shi ke da mulki, shi ke da mabuɗin hasumiya.
An tono ƙasusuwan yara biyu a can a 1674,
Suna Westminster cikin tulun dutse a ajiya.
Yadda aka gwada na baffan, a gwada nasu,
Ko Allah zai sa in ji sakamakon ina duniya.