Abin da aka tattauna a majalisa kan maganar tsirrai

Bayan la'asar, a inuwar darbejiyar unguwarmu a Daura, wani matashi ya tambaya ko tsirrai na magana da juna. Wani malamin gona ya ce masa: "Ƙanena, suna yi, amma ba da baki ba." Ya kawo misalin ƙuduji. Irinsa na kwance a ƙasa shekaru, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. A saiwar auduga aka fara gano wannan sinadari a 1966. Shawararsa: a riƙa sauya gonar dawa da auduga, ƙudujin ya tsiro ya rasa inda zai kama, ya mutu.

Wani dattijo kuma ya ce kada a sare gawo. Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ƙasar gindinsa ta yi ƙarfi. Ni ma na sha ganin zangarniyar gindin gawo ta fi ta gefe kauri.

Da aka zo kan ibada, limamin unguwa ya ce komai na tasbihi, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, sai dai mu ne ba ma fahimta. Ya ce a fita gona da asuba a yi tafakkuri, a dasa bishiya domin sadaka ce. Amma yanka a gindin tsamiya don neman iskoki, ya ce a guje shi.