Wai su waye Majusawa, kuma da gaske wuta suke bautawa?

ɗan_tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan magariba muna karatu a zauren malam nan Tudun Wada aka zo kan masu inkarin ƙaddara, sai malam ya kawo ruwayar da ta kira Ƙadariyya majusawan wannan al'umma, ya ce wai don sun raba halitta gida biyu ne kamar yadda majusawa suka yi. Aka wuce, ni kuma abin ya tsaya min a rai wallahi har na kwanta ina juya shi, don tun ina yaro nake jin kakata tana cewa maguzawa idan mutanen ƙauye suka kawo dawa gidanmu a kan jaki. To su ne majusawan ko daban? Kuma mene ne ainihin aƙidarsu? Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

malam_kongo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko a kula, Ƙadariyya daban Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir daban, kar wani ya karanta da sauri ya ɗauki zafi.

Majusawa mutanen Farisa ne, Iran ta yau, mabiya Zaradashta, wanda ya kafa addinin. Littafinsu sunansa Abesta, a cikinsa akwai waƙoƙi 17 da ake kira Gata waɗanda ake danganta su da Zaradashta kansa. Ubangijin da suke kira Ahura Mazda shi ne mai alheri da haske, sai kuma Ahriman mai sharri da duhu, kuma matsalar da suke son warwarewa tsohuwa ce, wato idan mahalicci mai alheri ne to cuta da mutuwa da zalunci daga ina suka fito? Su sai suka ce sharri yana da nasa tushen daban. Abin da malaminku yake nufi kenan da raba halitta biyu. A wajensu duniya fagen yaƙi ce tsakanin gaskiya da ƙarya, kowa ya zaɓi ɓangarensa da kyakkyawan tunani, kyakkyawar magana, kyakkyawan aiki, bayan mutuwa kuma rai zai bi ta kan wata gada mai suna Cinbat wadda take faɗi ga nagari ta ƙuntace wa mugu. Wuta kuwa idan ka tambaye su cewa za su yi alama ce ta haske da tsarki, ita suke fuskanta in za su yi addu'a, ba sa bari ta mutu a ɗakin ibada.

Maganar maguzawa, malamai da dama sun ce sunan ne aka aro daga majus, amma al'adarsu ta nan ce, ba ta haɗa hanya da Farisa ba.

hajara_samaru:
Allah ya ƙara ilimi Malam, bari in ɗan ƙara don mun taɓa wannan a aji. Ba fa kansu ɗaya ba. Zamanin daular Sasaniyawa ta Farisa, daga 224 zuwa 651 miladiyya, akwai masu cewa Zurban wato lokaci shi ne asali, shi ya haifi Ahura Mazda da Ahriman tagwaye. Sai Mani da aka haifa a 216, shi ya haɗo daga Zaradashta da Annabi Isa (AS) da Buda, ya ce jiki da abin duniya duk na duhu ne, haske yana ɗaure a ciki sai an 'yanto shi da azumi da gudun duniya. Limaman majusawa ba su yarda ba, a kurkuku ya mutu zamanin sarki Bahram na ɗaya, amma addininsa sai da ya kai Sin a gabas da Afirka ta Arewa a yamma.

Wanda ya fi taɓa ni gaskiya Mazdak ne, zamanin sarki Ƙubad. Ana yunwa, manya sun tara hatsi sun kulle rumbu, shi kuma ya ce hassada da faɗa duk daga mallaka suke tasowa don haka a raba dukiya, talakawa suka bi shi tururuwa har sarki ya goya masa baya na wani lokaci, daga baya ɗan sarkin, wato Kisra Anushirwan, ya kashe shi da mabiyansa. Kuma kusan duk labarinsa daga bakin maƙiyansa ya iso mana, shi ya sa nake karanta zargin da ake masa da taka-tsantsan.

baba_ƙofar_doka:
Madalla da ku yarana. Ku duba Suratul Hajji aya ta 17, an ambaci majus da sunansu. Sayyidina Umar bai karɓi jiziya a hannunsu ba sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi (SAW) ya karɓa daga majusawan Hajar, wani yanki a gabashin ƙasar Larabawa. Salmanul Farisi ma a cikinsu ya tashi, shi ne mai kula da wutar kafin ya fita neman gaskiya. Mai larabci ya nemi Al-Milal wan-Nihal na Shahrastani, ya yi bayaninsu ƙungiya ƙungiya. Har yau akwai ragowarsu a garin Yazd da kuma Mumbai ta Indiya.

ɗan_tudunwada:
Na gode Baba, na gode Malam da Yaya Hajara, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar in sha Allahu zan leƙa wajen masu littattafai in nemi Milal ɗin, in kai wa malam ya karanta mana babin Mazdak.