Muhawara: Tauraron Tsohuwar Tutar Najeriya, na Yahudawa ne ko Ganimar Kwantagora?

Nasiru, Rigasa: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai hoton da ke yawo a Facebook na tutar da Najeriya ta yi amfani da ita daga 1914 zuwa 1960, wato shuɗiyar tuta mai ɗauke da tutar Birtaniya a kusurwarta ta sama, da jar da'ira a ɗaya gefen, a cikin da'irar kuma koren tauraro mai tsini shida ya kewaye kambin sarautar Ingila da sunan Najeriya. Matsayina shi ne, wannan tauraron Dawuda ne, irin wanda ke kan tutar Isra'ila, kuma da gangan Turawa suka ɗora shi a kan ƙasar da Musulmi suka cika rabinta, domin su nuna wa wanda ya fahimta ko hannun wa ke bayan mulkinsu.

Malam Isiyaku, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Nasiru. Ka siffanta tutar daidai, amma hukuncin da ka yanke ya yi gaggawa. Wanda ya zaɓi alamar shi ne Gwamna Lugga (Lugard), mutumin da ya haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairun 1914, wanda kuma har yau Majalisar Dokokin jiharmu ta Kaduna ke zama a zauren da ke ɗauke da sunansa. A 1940 shi da kansa ya rubuta bayanin inda ya samo ta. Ya ce hatimin Sulaiman ake kiranta, kuma a kan murfin wata kyakkyawar butar tagulla mai zane-zane ya gan ta, wadda sojojinsa suka kwaso lokacin da suka ci Sarkin Kwantagora da yaƙi. Sarkin da yake nufi shi ne Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda aka kai wa hari a 1901. Ka ga ke nan daga gidan wani basarake Musulmi, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, alamar ta fito, shekara 47 kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948.

Nasiru, Rigasa: Allah ya gafarta Malam, ina da ja a wurare biyu. Na farko, bayanin ya zo ne shekara 26 bayan an ɗaga tutar, daga bakin mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da bindiga a 1903, don haka ban ga abin da zai sa mu ɗauki maganarsa a matsayin yankakkiyar hujja ba. Na biyu, ba a 1948 tauraron ya zama alamar Yahudawa ba. Tun a babban taron da masu neman kafa ƙasar Yahudawa suka yi a birnin Basel na ƙasar Switzerland a 1897 yana kan tutarsu, kuma Birtaniyar nan ce dai ta yi musu alkawarin Balfour, na samar musu matsuguni a Falasɗinu, a 1917, shekara uku kacal bayan haɗewar Najeriya. Bature mai ilimi irin Lugga ba zai rasa sanin wannan ba.

Hajiya Rabi, Unguwar Sarki: Nasiru ƙanena, tuhumar da kake yi wa Lugga tana bisa hanya, amma ba da maganarsa kaɗai za mu dogara ba, domin akwai shaidar da ba ta bi ta hannunsa ba. Duk wanda ya tashi a gidan malamai a ƙasar nan ya san hatimi, ya ga yadda ake zana shi a takarda a naɗe cikin laya, ko a ƙawata allon zayyana da zane-zane masu kusurwoyi ranar saukar Alƙur'ani. Alwatika biyu da aka sarƙe da juna tsohon zane ne a ƙasashen Musulmi, ana jingina shi ga zoben Annabi Sulaiman, alaihis salam. Tsofaffin kuɗin tagulla na Maroko na ƙarni na 19 suna ɗauke da shi da tsininsa shida cif, kuma ko tauraron da aka ƙara wa jar tutarsu a 1915, duk da cewa mai tsini biyar ne, da sunan hatimin Sulaiman aka san shi. Fatake da alhazai sun daɗe suna ratso hamada da kayan tagulla da littattafai zuwa ƙasar Hausa, maƙeran Bida kuma, maƙwabtan Kwantagora, sun shahara da aikin tagulla mai zane. Ba abin mamaki ba ne a tarar da irin wannan buta a fadar sarki. Kasancewar Yahudawa sun riƙi zanen bai cire shi daga hannun Musulmin da suka daɗe suna amfani da shi ba.

Baba Alhaji, Unguwar Shanu: 'Ya'yana, ku bari in sa baki, domin mu mun riƙe wannan tauraro a tafin hannunmu. Shi ne a jikin kwabo mai huji da ɗari da anini, kuɗin da iyayenmu mata kan zura wa zare su ɗaure. Tun 1907 aka fara buga shi a jikin kuɗin Turawa na wannan yanki, wato ya riga tutar ma da shekara bakwai. Kwabon da aka buga da sunan Tarayyar Najeriya a 1959 ma da shi ya fito, muka ci gaba da kashe shi a zamanin Tafawa Ɓalewa da Sardauna, har aka canza kuɗi zuwa naira a 1973. A Kaduna na yi ƙuruciyata, a tsakiyar malamai masu tsananin kishin addini, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ƙi karɓar kwabo don tauraron da ke jikinsa ba.

Injiniya Bello, Malali: In haka ne, Baba, ai abin alfahari ne gare mu. Shekara 46 Najeriya gaba ɗayanta, har da Legas da Kalaba, tana ƙarƙashin alamar da ta fito daga fadar wani sarkin Arewa. Ni a ganina ya kamata a koyar da yara wannan a makaranta a matsayin shaidar cewa tun farko an san girman Arewa a cikin tarayyar, maimakon a bar su suna zagin abin da yake nasu.

Malam Isiyaku, Tudun Wada: Injiniya, a nan kuma ni da kai mun rabu, kuma rabuwar ta fi wadda ke tsakanina da Nasiru zurfi. Butar nan ba kyauta aka ba Lugga ba, ganima ce aka kwaso daga garin da aka ci da yaƙi, sarkinsa ya fita gudun hijira har aka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, aka kuma mayar da shi gadon sarauta a 1903 a matsayin wanda zai riƙa karɓar umarni daga Bature. Ka sake duban tutar da kyau, ka lura da abin da ke tsakiyar tauraron: kambin Sarkin Ingila ne. Ka ɗaga ido sama kuma, tutar Birtaniya ce a wurin da ya fi daraja. Wannan shuɗiyar tuta ita ce samfurin da Birtaniya ta yanka wa ƙasashen da ta mallaka, kowacce a liƙa mata 'yar alamarta a gefe, kamar yadda makiyayi kan yi wa shanunsa shaida don a san mai su. Mu da muka san abin da tuta take nufi a tarihinmu, tun daga waɗanda Shehu ya danƙa wa irin su Malam Musa na Zazzau da Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gwambe a matsayin izini da amana, bai kamata mu kira wannan girmamawa ba.

Yohanna, Sabon Tasha: Malam, na gode da wannan bayani, kuma ina roƙon zaure ya ba ni dama in ƙara abin da ba a faɗa ba. Ni Bagwari ne, kuma garin nan na Kaduna da Lugga ya zaɓa ya maye gurbin Zungeru a matsayin hedikwatar Arewa, a ƙasar kakanninmu ya zauna. A tarihin da muka gada, ana tuna Ibrahim Nagwamatse ne da hare-haren kamun bayi da ya yi ta kaiwa garuruwan Gwari. Saboda haka idan Injiniya ya ce alamar ta Arewa ce, sai in tambaya, wace Arewa? A wurin mutanena, tauraron ya fito daga gidan wanda ya kame su, ya koma tutar wanda ya ɗora musu haraji da aikin tilas. Ban faɗi haka don in ɓata wa kowa rai ba, sai don a san cewa ba kowa ne zai iya alfahari da shi ba.

Hajiya Rabi, Unguwar Sarki: Maganarka gaskiya ce, Yohanna, kuma ita ta sa nake ganin hikimar waɗanda suka tace tutar 1960. Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan a lokacin, shi ya ci gasar da aka yi a 1959, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskoki a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore don noma da albarkar ƙasa, da fari don zaman lafiya. Babu hatimin wani sarki a ciki, babu tambarin wata ƙabila ko wani addini, don haka babu wanda zai dube ta ya ga ganimar da aka kwaso daga gidansu.

Injiniya Bello, Malali: Na ji ciwon da Yohanna ya ambata, kuma ba zan yi musunsa ba. Amma ina nan a kan cewa a koyar da labarin butar a makarantun jihar nan, a haɗa da ɓangaren Gwari da na yaƙin 1901, domin yaron da bai san shi ba, duk abin da ya gani a waya shi zai ɗauka.

Nasiru, Rigasa: Na yarda Musulmi sun san zanen tun kafin zuwan Turawa, kuma shaidar kwabon da Baba ya kawo tana da nauyi a wurina. Sai dai sanin asalin zane daban, sanin niyyar wanda ya zaɓe shi daban, kuma a kan niyyar har yanzu bakin Lugga kaɗai muke da shi. A fadar Kwantagora ba za a rasa takubba da tambura da sirada masu ado ba, amma duk ya tsallake su ya ɗauki zanen da Turawan Ingila suka riga suka sani a wuraren ibadar Yahudawan ƙasarsu. Wannan tambayar ce nake so Malam Isiyaku ya amsa mini.