Neman shawara: Ina shan maganin tayirod amma gajiya ta ƙi sakina

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar mini cewa tayirod ɗina, wato ƙwayar gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, ba ya aiki yadda ya kamata, kuma tun lokacin nake shan levotirosin, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, kowace safiya. Duk da haka gajiya ba ta rabu da ni ba, gashina ma zubewa yake yi. Wata uku da suka wuce na sayi ƙwayar ƙarin jini da biyotin (bitamin B7) a kemis, ina haɗa su da maganin in kora da shayi. Shin in ƙara da bitamin D, ko gwaji zan fara yi?

Wani mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yadda kike shan maganin ne ya fi damuna. Sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙwayar ƙarin jini, haka ma kalsiyam, yana riƙe levotirosin a hanji ya hana shi shiga jini, shi ya sa ake son a raba tsakaninsu da awa 4. Ki sha levotirosin ɗin da ruwa zalla kafin ki ci komai, sannan ki jira minti 30 zuwa 60 kafin ki karya kumallo, musamman idan akwai madara ko awara.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: 'Yar uwa, biyotin ɗin nan yana iya ɓata sakamako, domin a kan wasu na'urori yakan sa TSH (sinadarin da ke zaburar da tayirod) ya fito ƙasa, T4 (sinadarin da tayirod ke samarwa) kuma sama, sai likita ya zaci maganin ya yi miki yawa ya rage shi. Ki dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jininki. Bayan kin gyara lokacin shan maganin, ki bari a yi mako 6 kafin a auna TSH, kuma ki nemi a duba feritin (ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye), bitamin B12 da bitamin D a lokaci guda.

Wata mamba: Ni dai nawa Hashimoto ne, wato ciwon da garkuwar jiki ke kai wa tayirod hari, kuma da aka auna B12 ne ya yi ƙasa, allura aka sa mini tunda cikina ba ya tsotsarsa. Kada kuma ki karɓi ƙwayar aidin daga masu talla, domin yawansa yana iya tsananta wannan ciwon.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan mayar da ƙwayar ƙarin jinin zuwa bayan Azahar, in kuma faɗa wa likitana abin da nake sha.