Ma'aikaci mai disleksiya a sashen daidaita lissafi: wace dabara ta rage?

Jama'a, a taimaka da shawara. Ma'aikaci ne mai disleksiya, wato larurar da ke wahalar da karatu da rubutu. Wajen gano inda kuɗi suka maƙale babu kamarsa, amma alƙaluma kan juye masa, 54 ta koma 45. A jimillar kuɗi ana kama wannan, tunda bambancin yakan rabu gida 9 ba saura. Doguwar lambar shaidar tura kuɗi ce ta gagara, don ba a tara ta. An ƙara girman rubutu zuwa 14, an raba lambar hurhuɗu, kuskure ya ragu amma yakan dawo a gaggawar ƙarshen wata. Manhajar karantawa da murya kuwa, sashen tsaron kwamfuta ya hana saka ta. Me ya rage, banda sauya masa aikin da ya ƙware a kai?