"Labarin zuciya a tambayi fuska": har a cikin ikilisiya ma haka ne?

Maman Biyu: Salama gare ku. Ranar Talata a taron Zumuntar Mata muka yi sa-in-sa da wata 'yar'uwa kan kuɗin anko. Na ce na yafe, ta dube ni ta ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Maganar ta tsaya mini a rai. Ranar Lahadi kuma fasto ya karanta 1 Sama'ila 16:7, inda tsayin Eliyab, wan Dauda, ya ruɗi annabi Sama'ila, Ubangiji ya ce shi zuciya yake dubawa. To wanne zan kama?

Ɗan Gada Biyu: Mama, ai ba su yi karo ba. Sarkin Farisa fuskar Nehemiya kawai ya kalla ya gane baƙin ciki ne ke cinsa. Kayinu ma fuskarsa ce ta fara murtukewa kafin ya taɓa Habila.

Malamar Sande Sukul: Yahuza fa? Da sumba ya ba da Yesu. Ni ban yarda da fuska ba sam. Irmiya 17:9 ya ce zuciya ta fi kome ruɗi, mai ita ma ba ya gane ta, balle mai kallo.

Na Bukuru: Ku bari in ba ku labarin kakata. Kakanmu leburan kuza ne, ita kuma tana sayar da ƙosai. Wata maƙwabciyarta, wadda suke zama benci ɗaya a sujada, ta cinye mata kuɗin adashe. Shekara da shekaru Kaka tana gaishe ta da fara'a, har gwate take aika mata in ta dafa. Kowa na cewa tsohuwar nan ba ta da riƙo. Amma duk ranar Jibin Ubangiji sai ta sulale waje. Na tambaye ta, ta ce, "Jikana, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutane zan iya rufe wa ido, ban da Mai jibin." Da rikici ya ɓarke a Jos ranar 7 ga Satumba 2001, gudu ya haɗa su wuri ɗaya, suka kwana kan tabarma guda, zane ɗaya suka rufa saboda sanyi. A daren nan matar ta fashe da kuka ta roƙi gafara. Kaka ta ce ita ma a yafe mata murmushin ƙarya. Kuɗin dai ba su dawo ba, amma jibin da ya biyo baya tare suka tashi suka karɓa. Har yau in na tuna sai na yi ƙwalla.

Ɗan Gada Biyu: Allah ya ba Kaka hutawa. Amma ka ga ai ƙafarta ta tona abin da fuska ta ɓoye.

Mai Keke Taminus: In fuska ce shaida, da masu fosta sun riga mu shiga sama! Zaɓe na matsowa za ka gan su a bencin gaba ranar godiya, haƙora waje, da buhun shinkafa. Su ci, hanyar unguwarmu ta koma kogi.

Malamar Sande Sukul: Wani ma ya yi mana alkawarin kwanon rufi, har yanzu ruwa na zuba kan yara.

Dattijon Tudun Wada: 'Ya'yana, mu da muka taso "zuciyar mutum birninsa" muka ji. Birni kuwa da ƙofa yake, shi ya sa Karin Magana 4:23 ta ce a tsare ta. Maman Biyu, bar zancen fuska tukuna. Kin yafe ɗin?

Maman Biyu: Baba, ka kama ni. Da saura. Gobe in na dawo daga kasuwar Farin Gada zan biya gidanta.

Mai Keke Taminus: Mama, ki tambayo mana nawa kwandon dankali yanzu.