Wane fili ne gidan Frankfurt Galaxy?

Baƙon Hessen:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son in je kallon Frankfurt Galaxy, ƙungiyar ƙwallon Amurka. Na kalli wasan Kansas City Chiefs da Miami Dolphins da aka buga a Frankfurt a 2023, sai na ɗauka wannan katafaren filin ne gidansu. Wani kuma ya ce mini ba nan suke wasa ba. Wanne ne gaskiya?

Tsohon Mai Kallo:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, Galaxy ɗin biyu ce, shi ya sa ka rikice.

Ta farko an kafa ta a 1991, ta yi wasa a gasar da NFL, babbar hukumar ƙwallon Amurka, ta shirya wa Turai, kuma gidanta shi ne filin da ka gani, Waldstadion, wanda yanzu ake kira Deutsche Bank Park, inda Eintracht Frankfurt ke buga ƙwallon ƙafa. Ta ɗauki kofin World Bowl sau huɗu: 1995, 1999, 2003 da 2006. A 2007 NFL ta rufe gasar baki ɗaya, ƙungiyar ta bi ta. Abin da har yau yake mini ciwo, wasan ƙarshe na gasar a wannan filin aka buga shi, Hamburg Sea Devils ta doke mu 37 da 28 a gaban mutanenmu.

Ta yanzu an dawo da sunan ne a 2021, da aka fara gasar European League of Football. Ita mazauninta PSD Bank Arena ne, a unguwar Bornheim, filin FSV Frankfurt, yana ɗaukar mutum dubu 12 da ɗoriya. A shekarar farko ma ta ɗauki kofi, kuma Hamburg ɗin ta doke, 32 da 30. Ranar na ji an share mini hawaye.

Ni dai na fi son ƙaramin filin, wallahi. Kana kusa da 'yan wasa, kana jin ƙarar hulunan kwano idan suka yi karo, kana jin koci yana ɗaga murya. A babban fili sai ka dogara da allon talabijin kafin ka gane abin da ya faru.

Uwar Biyu:
Malam ya yi bayani. Ƙari kawai: jirgin ƙasa na layin U7 za ka hau zuwa Bornheim. Na Waldstadion kuwa S8 ko S9 ne, hanyar ba ɗaya ba ce ko kaɗan. Kuma ka duba tikitinka da kyau, don wani lokaci sukan kai wasan gida wani filin.

Baƙon Hessen:
Na gode ƙwarai. Amma me ya sa wasan ya samu karɓuwa haka a Frankfurt?

Tsohon Mai Kallo:
Sojojin Amurka sun daɗe a yankin tun bayan yaƙin duniya na biyu, har da sansanin jiragen sama na Rhein-Main da aka rufe a 2005. Jamusawa sun ga wasan a wurinsu, suka kafa nasu ƙungiyoyin. Ka je da wuri, kafin a fara ana kiɗa da wasannin yara a harabar filin, kuma idan kana da riga ruwan shanshanbale, launin Galaxy ke nan, ka saka ta.